An Aurar da Ni a Rajista

Duk wanda zai ba da labarin yadda 'yan mata ke barin makaranta a ƙasarmu, kalma ɗaya ce a bakinsa: aure. Rediyo ya ce aure. Mutanen da ke zuwa da farar mota su tara iyayenmu a inuwa, su ma aure. Har malamanmu haka suka ɗauka. To ni a cikin abin na tashi, kuma ina gaya muku ba haka ba ne, aƙalla a tsallakenmu. Auren yana zuwa, ban musa ba. Amma yakan zo ne ya tarar da yarinya ta riga ta yi wata shida a gida tana surfe. Abin da ya zaunar da ita tun farko, ba wanda ya taɓa tambaya. Mu dai gulbi ne ke fara cire mu, jan biro ya ƙarasa.

Ƙauyenmu yana tsallaken gulbi daga Gummi. Da rani in ka ga gulbin sai ka raina shi, farin yashi ne shimfiɗe da ɗan ruwa iya idon sawu, mu cire silifas mu taka mu wuce. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce a cikin gari. Gab da shekara ta dubu biyu ne, lokacin ana haɗa mu aji guda da maza. Mu biyar ne mata daga ƙauyenmu muka shiga aji ɗaya. Maza sun fi goma, cikinsu har da Yayana, wanda ya girme ni da shekara biyu amma maimaici ya riƙe shi har na cim masa.

Damina na yin tsakiya sai gulbin ya kawo. Ja wur, faɗinsa ya ninka, yana tafe da kututture da kara da mushen tumaki, yana wani irin gurnani da kake ji tun daga masallacin ƙauye. A nan bambanci yake farawa, ba a aji ba. Namiji ya zo bakin ruwa, ya tuɓe ya bar gajeren wando, ya cusa riga da littattafai a leda ya ɗaure a ka, ya rungumi babbar gora ya faɗa. Ruwa ya ɗan ja shi ƙasa, ya fita can wajen masu wanki, ya zura riga jikinsa na ɗiga, ya isa makaranta kafin a buga ƙararrawa. Mu kuwa tun muna shekara takwas ake hana mu shiga gulbi, wai mun fara girma. Ba wanda ya yi haka don ya hana mu karatu, kunya ce kawai. Amma ƙarshenta ga shi: ɗan'uwanki ya iya ruwa kamar tarwaɗa, ke ko tsayuwa a cikinsa ba ki iya ba. Sai jiran jirgi.

Jirgin guda ne, na wani tsoho da muke ce wa Baba mai fito. Ba ya karɓar komai a hannun 'yan makaranta, Allah Ya saka masa. Sai dai yana da tsarin da ya gada, ko hakimi bai isa ya canza masa ba. Sahun farko na magidanta ne da kekunansu. Na biyu buhuna da awaki. Mata sai na uku, kuma ba ya tashi sai jirgi ya cika, ga shi matan ƙauye ba sa fitowa sai sun gama daka da shara. Mu zauna a kan tudu cikin fararen hijabanmu, muna kallon 'yan ajinmu maza suna ƙanƙancewa a ɗaya gaɓar. Mu isa makaranta an dawo daga hutun tara. A bakin ƙofa ba a tambayar ta ina kika biyo. Durƙuso, bulala uku a tafin hannu, sannan tsintar leda a fili.

Haka muka riƙa zubewa. Ta farko ta daina zuwa a daminar aji ɗaya, ta ce ta gaji da duka. Biyu suka bi ta a aji biyu. Ƙawata, wadda katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu, ita ta fi daɗewa. Ita ma ta ce za ta jira ruwa ya janye, ruwa ya janye ba ta koma ba, ta ce sai baɗi. Na rage ni kaɗai. Ba don na fi su ƙwaƙwalwa ba, taurin kai ne, kowa a gidanmu zai shaida.

Makon farko na aji uku abin ya faru. Ranar kasuwa ce, mata sun yi yawa, har bakin jirgin na shan ruwa. Wata ta shigo da akuyar da ta makara sahun dabbobi. Mun wuce tsakiya ke nan wani kututture ya taho ya daki gefe, akuyar ta zabura, matan suka kwanta ɓangare guda, jirgi ya kife.

Ban san yadda zan faɗi abin da ke ƙarƙashin ruwan nan ba. Ba duhu ba ne, ja ne. Na buɗe baki in yi salati, laka ta cika shi. Hijabina ya naɗe mini fuska, na ja, ya ƙara shaƙe ni. Ƙafata na neman ƙasa, babu ƙasa. Wani hannu ya damƙi kafaɗata ya sake, wata ce ita ma take neman abin kamawa. Abin da na fi tunawa shi ne shirun wajen, da yadda na sani sarai a sama rana na nan, mutane na nan, amma ba wanda ya san daidai inda nake. Sandar tuƙin Baba mai fito ce ta zungure ni a haƙarƙari, na rungume ta, ya ja.

Ba wanda ya mutu sai akuyar. Shi ya sa kafin la'asar abin ya zama labarin dariya a ƙauye, ana kwaikwayon ihun wance, ana zancen zanen wance da ruwa ya tafi da shi. Ni ban yi dariya ba. Washegari na ɗauki buta zan wanke fuska, ruwan na taɓa hancina na yi jifa da butar. Wanka sai da tsumma. In hadari ya haɗo sai in shige ɗaki in toshe kunne don kada in ji gurnanin gulbi. Inna ta zuba mini ido kwana biyu, ta ce, "Zamna gida har ruwa shi janye. Boko ba shi gudu."

Na zauna. Mako ɗaya, biyu, har biyar.

Shi kuwa Yayana tun kafin a yi hutu ya daina zuwa. Ba ruwa ya hana shi ba, kullum a ruwa yake. Fadama ce ta ɗauke shi, shinkafar gidanmu da koran tsuntsu da kamun kifi. Bai ma ɓoye ba, karatun bai dame shi ba. In aka haɗa da zangon da ya wuce, ya fi wata biyu bai taka aji ba. Wata Laraba ya ga dama, ya rungumi gorarsa ya tafi. Ya dawo da azahar ina tsakar gida ina tankaɗe, ya tsaya a bakin zaure yana washe baki.

"Sannu amarya. Ashe biki anka yi gidanga ba a ba ni ko alkaki ba?"

"Mi kaka hwaɗi?"

"An kira suna yau, an tsallake naki. Wani ya tambaya, Malam ya ce kin yi aure. Ya ja miki jan layi. 'Yan aji sai barka suka yi min."

Na ajiye rariya. "Kai hwa? Kai da ka hi wata biyu ba ka je ba?"

"Ni? Ya ce, ka dawo? Na ce na dawo. Ya ce zamna."

"To mi ka ce mishi a kaina?"

"Mi zan ce? In miƙe gaban Malam da maza cike da aji in yi zancen aurenki? Ke ba ki da kunya, ni ina da ita."

Na rarumi muciya, ya kauce bayan Inna yana dariya. Daga can ya ƙara da abin da ya fi wannan muni. Gobe Alhamis mai hoto zai zo ya ɗauki 'yan aji uku hoton da za a manna a takardar jarrabawa. Yini ɗaya yake yi, da azahar ya wuce wani gari. Wanda ba hotonsa, ba jarrabawarsa. Wanda bai yi jarrabawar aji uku ba, shi da aji huɗu sai labari.

Inna ta ce, "To shi ke nan, ɗiyata. Baɗi, in Allah Ya kai mu."

Na san irin wannan baɗin. Ƙawata ma baɗi ta ce.

Da sassafe na sa kayan makaranta na fita, Inna na kira ban waiga ba. Ina tafe ina gaya wa kaina jirgi ne kawai, na sha shigarsa. Ina hawa tudun na hango ruwan, ƙafafuna suka tsaya da kansu. Ya ɗan ragu, amma jan na nan, gurnanin na nan. Ga jirgin a ɗaure, shi ɗin dai, da sabon faci a gefen da kututture ya daka. Na lallaɓa na sauka na taɓa bakinsa, ya yi ɗan lilo, sai amai ya taso mini. Na koma gefe na durƙusa na mayar da kunun da na sha.

Baba mai fito ya ce, "A'a, 'yar boko ta warke? Zamna can. In kai maza, in kai buhuna, sannan ku."

"Baba, yau hoto za a yi muna. In na makara shi ke nan."

"Hoto? Kyawonki ba shi ƙarewa kahin azahar." Magidanta suka yi dariya.

Gaskiya ko da ya ce shigo yanzu, ba zan iya ba. Wannan ya fi ruwan ba ni tsoro. Na gane ba tsohon nan ne zai hana ni ba, ba kuma Malam ba, jikina ne. Na zauna a tudu ina kallon Yayana yana ɗaure leda a ka. Ya waigo ya dube ni, sannan ya faɗa ruwa.

A nan ta same ni. Wata Bafulatana ce daga rugar bayan ƙauyenmu, doguwa siririya, sa'ar Inna. Shekara da shekaru tana kawo mana nono Inna na ba ta gero, Goggo nake ce mata. Tana tafe da mata huɗu a bayanta, kowacce da jeren ƙore a ka. Ban taɓa ganinsu a jirgi ba, ban kuma taɓa tambayar kaina ta ina suke bi kullum su kai nono Gummi ba.

"'Yar Kaɗo, mi ya zamnar da ke nan kamar kazar da ruwa ya doka?"

Na gaya mata a gajarce, ina haɗiye kuka, don na tsani in yi kuka gaban mutane.

"Aure? Wa zai kwashi wagga masiha?" Ta juya ta faɗa wa matan da Fulatanci, suka kwashe da dariya. Sannan ta ce, "Tashi. Mu ba mu jiran tsoho."

Muka bi gaɓa muka yi sama, tafiya mai ɗan nisa, har inda shanunsu ke ƙetarewa. A wajen gulbin ya fi faɗi, shi ya sa bai kai sauran zurfi ba. Ba namiji ko ɗaya a wurin, ashe sananne ne da safe mashigin na matan ruga ne. Suka tuɓe riguna suka ɗaure zane a ƙirji tamau. Goggo ta miƙo mini wani tsohon zane, ta naɗe kayan makarantata ta tura cikin ƙwaryar da ba komai, ta ɗora a kanta. Sannan ta sauke wata ƙwarya cike da kindirmo, ta yi gammo, ta aza mini.

"Goggo, ba ni iyawa. Ko ni kaɗai ba ni iyawa, balle da kaya."

"Don haka na aza miki. Wadda ba ta da kaya ruwa taka kallo, kanta shi juya, ta hwaɗi. Mai nono nononta taka tunani. Ki zubar min da shi, ni da ke ne."

Ta jera mu kafaɗa da kafaɗa. Mafi tsawo a sama, ta wajen da ruwa ke tahowa, ita ke karya ƙarfinsa. Kowacce ta cusa hannu ɗaya a ƙullin zanen ta kusa da ita, ɗayan hannun na dafe da kaya. Ni aka sa a tsakiya, Goggo a samana. Ta nuna mini wata giginya a ɗaya gaɓar, can ƙasa kaɗan da mu.

"Ita za ki kallo. Kada ki ɗaga ƙahwa, ja ta za ki yi bisa yashi. Kada ki yi gardama da ruwa, bar shi shi tura ki kaɗan kaɗan, daman can munka nuhwa. Bisimillah."

Sanyi ya kama idon sawuna, tsikar jikina ta tashi har ƙeya. Gwiwa. Cinya. Da ya kai cibiya numfashina ya fara yankewa, ina ja ba ya isa. Matan kuwa hira suke da yarensu kamar a tsakar gida. Ina jan ƙafa, yashi na zarewa a ƙarƙashin tafina kamar ana janye tabarma. Ƙirji. Ruwan na turo ni ta gefe da nauyi irin na ƙaton mutum, ba ya sassautawa. Na dafe ƙwaryar, na kafe ido a giginya, ina karanta duk abin da ya zo bakina, Fatiha, Ƙulhuwallahu, har addu'ar cin abinci.

Abin da Goggo ba ta duba ba shi ne tsawona. Inda ruwa ya tsaya musu a ƙirji, ni ya kai mini wuya. A tsakiya ya taɓa haɓata. Warin lakar nan ya shiga hancina, shi ɗin dai, na ranar. An ce kada in dubi ruwa, na duba. Ja, yana gudu, ya ɗauki idona ya tafi da shi, giginya ta ɓace, gaɓa ta fara tafiya. Na ɗaga ƙafa. Babu ƙasa.

Ban nutse ba. Hannun Goggo a ƙullin zanena ya ɗaga ni kamar 'yar akuya, matar da ke ƙasana kuma ta tokare ni da ƙugunta. Ruwa ya shiga bakina, na yi tari, na buɗe baki zan kurma ihu, sai na ji muryarta daidai kunnena, ba lallashi a ciki ko kaɗan.

"Nonona! Ke, nonona na zuba!"

Wallahi sai na ji hannuna ya gyara ƙwaryar. Wuyana ya miƙe. Kindirmo na bin fuskata yana shiga ido, ta cikinsa na sake hango giginyar. Babban yatsana ya taɓa yashi, sannan tafin gaba ɗaya. Na ja. Na ƙara ja. Ruwa ya sauka ƙirji, ya sauka ciki.

Da muka fita na zube a gindin giginyar. Goggo ta ɗaga faifai ta leƙa ƙwaryar, ta yi tsaki. "Rabi. 'Yar Kaɗo ta ba gulbi rabi." Ta jefo mini kayana. "Sa ki tahi, kada ango shi gaji da jira."

Na shiga makaranta ana jera benci a gindin dogonyaro, mai hoto na rataya ƙyalle a bango. Mai bulala ya kira ni a ƙofa, na yi kamar ban ji ba. Malamin ajinmu na zaune da rajista a cinya. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa dukana ba, ina so a san wannan. Ya ɗago ya gan ni, sai idonsa ya sauka kan hannuwana da ƙafafuna. Lalle yake nema.

"Ke? Ba an ce kin yi aure ba?"

"Wa ya ce, Malam?"

Ya juya biro a hannu. "To, mako biyar ba ki zo ba."

"Wa ya zo ya ce maka an ɗaura mini aure?"

"Ba sai an zo ba. Haka ake yi. Yarinya in ta yi wata ba ta zo ba, an san abin da ya faru."

Ya buɗe rajistar don ya nuna mini. Ga sunana, jan layi ya ratsa shi har ƙarshen shafi, a gefe an rubuta kalma ɗaya ta Turanci mai nufin ta yi aure. Ta bara na ƙarƙashinta, na ce ya buɗe. Ga ƙawata, jan layi, kalmar nan. Ga sauran biyun, haka. Na san gidan kowaccensu. A ranar da aka ja layukan nan ba wadda ko tambayar aurenta aka zo. Ƙawata a safiyar nan ma na jiyo ta ta katanga tana daka. Na sa yatsa na gangara kan sunayen maza. Ga Yayana, sifiri jere kamar ƙwan zabi, ba layi. Ga wasu da ban gani ba tun bara, sunansu na nan da shuɗin biro yana jiransu.

"Su fa, Malam?"

"Namiji yakan tafi gona ya dawo."

"Mace ma da ta dawo, in ta san sunanta na nan. Wace ce za ta ƙetare gulbi ta zo a ce mata amarya?"

Na san na yi rashin kunya. Sai wani sabon tsoro ya kama ni: in ya rufe littafin nan ya ce in fita, na shiga gulbi a banza, kuma dole in sake shiga in koma gida.

Ya daɗe yana kallon hijabina da ya jiƙe ta wuya, da farin kindirmon da ya bushe a girata. Ya ce, "Ta ina kika biyo?"

Shekara biyu da wani abu, shi ne mutum na farko a makarantar nan da ya yi mini wannan tambayar. Na gaya masa. Jan layi ba ya goguwa, sai ya gangara can ƙasan shafi, bayan sunan namiji na ƙarshe, ya sake rubuta sunana da shuɗi.

"Je ki hau benci. Amma ki ji, sai ƙarshen wata za a aika da sunayen nan. In kika sake ɓacewa kafin nan, shugaban makaranta zai ce na sa sunan matar aure, ba abin da zan iya yi."

Hoton na nan a wurina har yau. Ido waje, leɓe a bushe. Duk wanda ya gani sai ya ce kyamara nake tsoro.

Da aka tashi na koma gindin giginya na zauna, don Goggo ta ce sai sun sayar za su biyo. Daga nan ina hango rufin ƙauyenmu, kusa ƙwarai, ga ruwan a tsakani. Na zaci in na ƙetare sau ɗaya tsoron zai tafi. Bai je ko'ina ba. Ga ruwan nan kamar da safe. Sau biyu ke nan a yini, kullum, har ya janye, kuma baɗi ya dawo. Na tuna maganar Inna ta zamna gida, wallahi ya yi mini daɗi a rai, tabarma, inuwa, busasshiyar ƙasa. Sai na tuna sunana can ƙasan shafi, da jan biron da ke aljihun Malam.

Na hango su tafe, ƙoren sun zama wofi suna lilo a kansu. Kafin su iso na gama yanke shawara. Zan ce wa Goggo ta ajiye mini ƙwarya ɗaya kowace safiya, cikakkiya, ni zan ɗaukar mata. In ta yi mini dariya, ta yi. Inna kuma in gaya mata da bakina yau ɗin nan, kafin ta ji a bakin mata. Sannan in leƙa ta katanga in shaida wa ƙawata an aurar da ita tun bara ba ta sani ba, in ga ko haushi zai fi mata tsoro. In ta ce za ta zo, ta fi ni tsawo, sai ta tsaya a samana.